Ta Koyi Tsarin Ɗaki a Amurka, Ta Komo Wurin Maginan Adar

Duk wanda ya taɓa kwana cikin ɗakin tol a watan Afrilu ya san abin da ake kira zafi. Tun da hantsi rufi ya ɗauki wuta. Da azahar ba mai iya zamnawa ciki. Da dare sai a fitar da tabarmi waje, yara da manya. Ɗakin nan kuwa ya ci kuɗi. Wani sa ya sayar, wani buhunan wake, wani shekara biyu ya yi yana ci-rani a Abijan ko Legas kafin ya haɗa kuɗin siminti. A gefe guda ga tsohon soron kaka, na ƙasa, wanda samari ke yi wa dariya. Amma in rana ta take, can ne kowa ke gudu ya fake.

Labarin da ke tafe na wata ɗiyar Nijar ne, Mariyam Isufu Kamara. Ta ƙetare teku, a can ta koyi yadda ake tsara gida da cikin ɗaki. Da ta gama, sai ta komo ta zamna gaban maginan ƙauye, ta ƙara karatu a wurinsu.

Mi ake koyo a wannan karatu?

Kafin magini ya aza tubalin farko, akwai tambayoyin da sai an amsa su. Ina ƙofa za ta duba? Taga nawa za a yi, kuma a wane tsayi? Ina za a sa gado, ina randa, ina wurin salla? Ta ina haske zai shigo, ta ina iska za ta fita? In baƙo ya shigo, mi zai gani, mi bai kamata ya gani ba?

A ƙauye, maigida da magini ke yanke wannan shawara suna tsaye a fili, magini yana shata ƙasa da ƙafa ko da sanda. Uwargida kuma ita ke tsara cikin ɗakinta. A birni akwai waɗanda sunka yi karatun abin a jami'a. Suna zana gida bisa takarda, ciki da waje, tun ba a haƙa tushe ba. Ana ce masu masu zanen gini.

Kowane gwani yana da hannunsa. Ana gane hannun masaƙi a jikin luru, ana gane hannun maƙeri a bakin hauya. Haka ma mai zanen gini. Malami yana iya koya wa ɗalibi awo da lissafi, amma hannu sai ɗalibi ya nemo da kansa. Neman nan ya ɗauki Mariyam shekaru.

Daga Agadas zuwa Amurka

An haifi Mariyam a shekarar 1979 a garin Santetiyen na ƙasar Faransa, amma a Nijar ta tashi. Tana yarinya iyayenta sunka koma arewa, cikin yankin Agadas, ta yi wasu shekaru a can. Agadas gari ne na ginin ƙasa. Babban masallacin garin ya kai shekara 500 da kafawa, hasumiyarsa kuma mai tsawon mita 27 da ƙasa anka gina ta. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Mariyam ta sha faɗi a cikin hirarrakinta cewa ba ta manta da gidajen nan ba. A waje rana kamar ta soya mutum. Da an shiga ciki, sai sanyi da inuwa, ba fanka, ba lantarki. A lokacin ita yarinya ce, gani kawai take yi. Amma abin ya zamna mata a rai.

Tun tana lakwal tana son zane. Da lokacin zaɓen sana'a ya yi, sai ta bi karatun kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, don shi ake ganin zai ba da abinci. Ta tafi Amurka. Ta sami takardarta ta farko a jami'ar Purdue a 2001, ta biyu a jami'ar birnin Niyok a 2004. Ta yi shekara bakwai tana wannan aiki, da albashi mai kyau. Duk da haka hankalinta na ga gini. Sai ta aje aikin, ta koma bencin ɗalibai a jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil. Ta gama a 2013, tana da shekara 34. Gemu ba ya hana ilimi, shekaru ma haka.

Littattafan ƙasashen sanyi

A irin wannan makaranta, ɗalibi yana zana ɗaki bisa takarda, sa'an nan ya ƙera ɗan ƙaramin samfurinsa da kwali ko katako. Daga nan ya tsaya gaban malamai da ƴan ajinsu ya yi bayani, su kuwa su yi ta tambayarsa: don mi ka sa taga nan? Don mi rufin ya yi ƙasa? Wa zai zamna a wannan kusurwa? In ba shi da amsa, sai ya koma ya sake.

Mafi yawan misalan da ke cikin littattafan zanen gini na Turai ne da Amurka. Siyatil kanta gari ne na ruwan sama da gajimare da sanyi. A irin ƙasashen nan, damuwar mai gini ita ce yadda zai jawo rana cikin ɗaki. Shi ya sa suke yin manyan tagogi na gilashi, wani lokaci bango guda sukutum. A hoto abin yana da kyau ƙwarai. Amma in an kafa irin ɗakin nan a Tawa ko Damagaram, inda zafi ke wuce digiri 40 a bazara, ya zama tanda. Sai an sa na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, ga tsadar wuta, ga yawan yankewarta.

Hanya mai sauƙi ga ɗalibi ita ce ya kwaikwayi abin da ya gani a littafi. Da yawa sun yi haka, shi ya sa manyan biranen Afirka sunka cika da gidajen gilashi masu zafi. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Da lokacin babban aikinta na ƙarshen karatu ya yi, Mariyam sai ta juya ta dubi gida.

Ƴan matan Yamai

Abin da ta fara dubawa ba bango ba ne, mutane ne. A Yamai, kamar a Maraɗi da Damagaram, samari suna da fada. Sun shimfiɗa tabarma ko sun jera benci bakin titi, ga shayi bisa gawayi, ana hira har dare. Budurwa ba ta da irin wannan wuri. In ta zamna bakin titi, bakin mutane ya same ta. Amma in tana tafiya, ba mai tambayarta, don ana ɗauka an aike ta ne. Saboda haka ƴan mata sun samo dabararsu. Su biyu ko uku, wannan ta raka waccan, waccan ta sake rako wannan, suna tafe a hankali suna hira. Hanya ita ce fadarsu.

Mariyam ta rubuta aikinta a kan wannan. Ta zana wurare a gefen irin hanyoyin nan, inda mace za ta iya ratsewa ta sha inuwa, ta yi hira ko karatu, ba a ce ta yi zaman banza ba. Daga wannan aiki hannunta ya fara fitowa. Dokarta ta farko ita ce: a dubi yadda mutane ke zaman duniyarsu, sa'an nan a ɗauki fensir.

Gidaje shida na ƙasa a babban birni

A 2013 ta haɗa ƙungiya da abokan aiki uku: Yasaman Esmaili ƴar ƙasar Iran, Elizabeth Golden ƴar Amurka, da Philip Sträter ɗan Jamus. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai.  Ta sa mashi suna Masomi, wato mafari.

Aikinsu na farko gidaje shida ne na bene a Yamai, waɗanda anka gama a 2016, ana kiransu Yamai 2000. Sun duba yadda tsofaffin birane irin su Damagaram da Kano da Tumbutu ke zaune, gida manne da gida, bango yana yi wa bango inuwa. Kowane gida sun ba shi filin shan iska inda iyali za su zamna idon maƙwabci bai kai gare su ba.

Da ƙasa sunka gina su, amma ba tubalin hannu ba. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan da ruwa kaɗan, a sa cikin inji a matse ta da ƙarfi. Sai bulo ya fito mai kusurwa huɗu, sumul. Ba a gasa shi, saboda haka ba a ƙona itace ko guda. Rufe shi ake yi, ana yayyafa mashi ruwa har ya yi ƙarfi.

Don mi ɗakin ƙasa ke da sanyi? Bango mai kauri yana shan zafin rana sannu a hankali. Kafin zafin ya ratsa shi ya kai ciki, rana ta faɗi. Da dare kuma bangon ya saki zafin, gari na wayewa ya huce. Tol kuwa siriri ne, da rana ta taɓa shi ya zuba zafin bisa kan mutane nan take. Bulon siminti ma ba shi da kauri, ga rami a cikinsa, ba ya tare zafi kamar ƙasa.

Wahalar da Mariyam ta gamu da ita ba ta gini ba ce, ta zuciyar mutane ce. Da yawa suna ganin ginin ƙasa alamar talauci ne. Mutum ya gwammace ya sha zafi cikin siminti da a ce yana kwana cikin laka. Magana ba ta sauya wannan ra'ayi. Sai an shiga ɗakin da tsakar rana, gani ya kori ji. A 2022 gidajen nan sun shiga jerin ayyukan da anka tace don kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafi kyau na ƙasashen Musulmi.

Tsohon masallacin Dandaji

Aikin da ya fi nuna hannunta yana ƙauyen Dandaji, cikin jihar Tawa. A can akwai wani tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu. Mutanen Adar sun san wannan suna. Manomi ne kuma magini, mutumin Yama. Shi ya gina masallacin Yama a 1962. A 1975 ya sake mashi rufi da bakan gizo da tulluwa, daga baya ya ƙara hasumiya huɗu, kowace da kamanninta. A 1986 masallacin Yama ya ci kyautar Aga Khan. Falke bai je jami'a ba, amma masana na duniya sun zo har Yama sun yi awon aikinsa.

Masallacin Dandaji ya tsufa. Ruwan damana ya zaizaye shi, kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Har an yi niyyar rushe shi a gina sabo. Mariyam da Yasaman sunka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci babba a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya zama gidan littattafai. Jama'a sunka yarda.

Da za a fara gyara, sai anka nemo maginan da sunka yi aikin ginin tun farko. Su sunka san yadda ake kwaɓa ƙasar wurin, su sunka san sirrin bakan gizo. Masu takarda sun koyi wannan a wurinsu. Su kuma maginan sun koyi sababbin abubuwan da ake gauraya wa ƙasa don kada ruwa ya cinye ta. Kowa ya ba da nasa, kowa ya karɓa.

Cikin ɗakin ne abin kallo. Ginshiƙan ƙasa da bakan gizo na Falke suna nan yadda suke, ba a taɓa siffarsu ba. Amma gidan littattafai yana bukatar wurin zaman masu karatu, da shinge tsakanin wuri da wuri, da matakala, da ɗan bene a ciki. A da, da itace za a yi su. Yanzu itace ya yi wuya a Adar, giginyar da ake yin azara da ita ta ragu. Saboda haka sunka yi su da ƙarfe. Sabon abu ya shiga cikin tsoho bai ɓata shi ba. Wanda ya shiga yana gane aikin jiya, yana gane aikin yau.

Sabon masallacin da bulon ƙasa matsattse anka gina shi. Mafi yawan kayan aikin daga kewayen ƙauyen anka samo su, ba a wuce kilomita 5 ba. Siminti da ƙarfe sai inda nauyi ya tilasta, kamar ginshiƙai da kan ƙofofi. An gama a 2018, anka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma, gidan ilimi na birnin Bagadaza na zamanin da.

A wannan shekara kuma Mariyam ta gama kasuwar Dandaji. An gina rumfuna da bulon ƙasa kewaye da tsohon itacen da ake cin kasuwa ƙarƙashinsa. Don inuwa, an kafa faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri, wani sama da wani, kamar ganyen itace. A 2019 ta sami kyautar Yarima Claus ta ƙasar Holan.

Gwanayen da ke cikin gida

Ba a jami'a kaɗai ake koyon tsarin ɗaki ba. Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya ga aikin gwanaye. Mata ke yin daɓe. Su zuba tsakuwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, su yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi ƙarfi tana ƙyalli. Su ke shafe bango da farar ƙasa don ɗaki ya yi haske. Su ke yin jere: a da ƙorai da faya-fayi, daga baya tasoshi da kwanonin sha masu fure, babba a ƙasa, ƙarami a sama, launi yana bin launi. Jeren nan ado ne, kuma ajiya ce, don dukiyar mace ce da kowa ke gani.

Magini ma yana da nasa. Yana barin alkuki a bango don fitila. Yana ɗaga rufi da bakan gizo don zafi ya hau sama ya bar mutane. Yana yin ƴar taga can sama don iska mai zafi ta fita. Yana karkata ƙofar zaure don mai wucewa kada ya hangi tsakar gida. A unguwar Birni ta Damagaram har yau ana ganin gidaje masu zanko da zane a fuskar bango. Duk waɗannan amsoshi ne ga tambayoyin da malaman Siyatil ke yi wa ɗalibansu.

Sai dai ginin ƙasa yana da nasa ciwo, kuma Mariyam ba ta ɓoye shi ba, gyara shi ta nema. Ruwa ne babban abokin gabansa. In indararo ya toshe, ko gindin bango ya jiƙe, ɗaki yana iya faɗuwa bisa mutane cikin damana. Gara tana cin azara. Yaɓe yana son sabuntawa. Wanda ya ƙi kula da waɗannan, ƙasa za ta ba shi kunya.

Ga mai shirin gini bana

Manomi ko makiyayin da ya tara ɗan abin hannunsa don gini yana iya ɗaukar wasu abubuwa daga wannan labari.

Kafin a sayi komi, a zamna da uwargida da magini a yi shawara. Ita ta fi kowa daɗewa cikin ɗakin, ita ta san inda hayaƙi ke taruwa da inda rana ke dukan gado.

In simintin kaɗan ne, a sa shi inda ruwa ke ɓarna: tushe, gindin bango, da bakin indararo. Sauran bango ƙasa mai kauri ta isa.

Bangon gabas shi ruwan damana ya fi duka, a ƙara mashi yaɓe. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, kada a yi mashi babbar taga. In da hali a dasa itace a gefensa.

A yi taga biyu masu duban juna, ɗaya ƙasa ɗaya sama, don iska ta ratsa.

In tol ya zama dole, a ɗaga shi sama, a shimfiɗa zana ko tabarmi ƙarƙashinsa, a bar sarari tsakani don zafi ya sami hanyar fita.

A cikin ɗaki, farar ƙasa tana ƙara haske, ba ta kuwa da tsada. Tabarmar kaba, faifai, ƙwarya mai zane da luru duk ado ne, kuma kuɗinsu yana zama cikin gari.

Abu na ƙarshe ya shafi tsofaffin magina. A garuruwa da yawa waɗanda sunka iya bakan gizo sun tsufa, samari kuma sun koma bulon siminti. Da ba a sami maginan Dandaji da ransu ba, da gyaran masallacin ya yi wuya ƙwarai. In akwai irin wannan dattijo a garinku, ku sa yaro ya bi shi yana miƙa mashi tubali tun yana iya hawa bango. Da tsohuwar zuma ake magani.